Yadda Ɗan Jarida Zai Samu Ƙwararrun Majiyoyi da Sahihan Bayanai a Lokacin Annoba

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas, kuma kafin watan Maris ya ƙare gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja. A cikin waɗannan makonni 'yan jaridar da suka saba da zauren majalisa da kotu da filin wasa suka wayi gari suna ɗauko labarin cuta, alhali da yawansu ba su da lambar wayar masanin cututtuka ko guda. Tun da annoba ba ta tsaya a kan korona ba, domin zazzaɓin Lassa yana tashi da rani, sanƙarau yana zuwa da zafi, kwalara tana biyo damina, mashaƙo kuma ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023, ya kamata wakilin da ke aiki a Abuja yana yi wa masu jin Hausa rahoto ya san inda zai nufa tun kafin ƙararrawa ta kaɗa. Abin da nake so a riƙe a duk matakan da ke tafe shi ne, kowace magana da kowace lamba tana da asali, kuma aikin ɗan jarida ne ya bi ta har zuwa asalin nan kafin ya kai ta kunnen jama'a.

Mataki na farko: ka tara majiyoyinka tun ana zaune lafiya

Ranar da cuta ta ɓarke, wayar kowane masani ba ta hutawa, kuma ba zai ɗauki kiran wanda bai sani ba. Saboda haka ka buɗe littafi ko shafi a kwamfuta tun yanzu, ka rubuta sunan kowane masani da fanninsa da wurin aikinsa da lokacin da ya fi samun sarari, ka kuma nuna ko yana jin Hausa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai ga mai aikin rediyo, domin muryar likita yana bayani da bakinsa ta fi kowace fassara shiga zuciyar mai sauraro.

Abuja ta fi kowane gari a ƙasar nan sauƙin wannan aiki. Hedikwatar Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, tana Jabi, babban ɗakin gwajinta kuma yana Gaduwa. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, NPHCDA, wadda ita ce ke da alhakin allurar rigakafi, tana nan cikin birni, haka ma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Najeriya. Akwai Asibitin Ƙasa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada wanda ya killace masu korona tun farkon annobar, sannan akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu. Idan cutar daga dabbobi take tasowa, kamar murar tsuntsaye, to Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos ita ce wurin tambaya, idan kuma Lassa ce, asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo ya daɗe yana fama da ita fiye da kowa. Ka halarci tarukan waɗannan hukumomi ko da babu labari mai zafi, ka gabatar da kanka, ka nemi izinin kira idan buƙata ta taso.

Mataki na biyu: ka san wane masani ne ya dace da tambayarka

A nan ne mafi yawan kurakurai suke faruwa, don haka zan ɗan tsaya. Muna da ɗabi'ar ɗaukar duk wanda ake kira likita a matsayin wanda ya san komai game da cuta, sai ka ji an gayyaci likitan ƙashi ko na ido ya yi hasashen yadda annoba za ta yaɗu a watanni uku masu zuwa. Mutumin yana iya zama gwani a fanninsa, amma an ɗora masa tambayar da ba tasa ba, kuma kunya ko son taimako za ta sa ya amsa.

Idan tambayarka a kan yaɗuwa ce, wato mutum nawa suka kamu, a ina, me ya sa adadin yake hawa ko sauka, to masanin yaɗuwar cututtuka kake nema, kuma irinsu suna NCDC da sashen lafiyar al'umma na jami'o'i, sannan kowace jiha tana da babban jami'i guda mai wannan aiki, haka ma Abuja. Idan a kan ƙwayar cutar ce kanta, yadda take sauya kama da yadda ake gano ta, masanin ƙwayoyin cuta ne zai amsa maka. Misali cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara tantance tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Idan a kan jinya ce da alamomi da abin da ke kashe majinyaci, ka nemi likitan cututtuka masu yaɗuwa ko wanda ke aiki a cibiyar killace marasa lafiya. Maganar magani da ingancinsa ta masana harhaɗa magunguna ce da hukumar NAFDAC. Jinkirin sakamakon gwaji da ƙarancin kayan aiki kuwa, masu aikin ɗakin gwaji ne suka fi kowa sanin dalilinsa. Akwai kuma tambayoyin da ba na asibiti ba ne sam, kamar dalilin da ya sa mutane suke gudun allura ko yadda kulle ya shafi 'yan kasuwar Wuse da masu aikin yini na Mararaba, waɗannan na masana halayyar jama'a ne da tattalin arziki.

Hanya mafi sauƙi ta gane mutumin kirki a cikin masana ita ce ka tambaye shi kai tsaye: "Ranka ya daɗe, wannan tambaya a fanninka take, ko akwai wanda za ka tura ni wurinsa?" Wanda ya san aikinsa ba ya jin nauyin cewa ba fanninsa ba ne, kuma sau da yawa zai ba ka sunan wanda ya fi shi sani, ta haka littafinka zai yi ta kauri.

Mataki na uku: ka tabbatar da shi kafin ka ba shi makirufo

Farar riga da laƙabin Dakta a shafin Facebook ba shaida ba ne. Likitoci suna da rajista a hukumar MDCN, masu harhaɗa magunguna da masu aikin ɗakin gwaji da ma'aikatan jinya su ma kowane rukuni yana da hukumar da ke yi masa rajista. Ka duba ko sunan mutumin yana cikin ma'aikatan jami'a ko asibitin da ya ambata, ka sa sunansa a shafukan neman takardun bincike irin su Google Scholar ko PubMed ka ga ko ya taɓa wallafa bincike a kan irin cutar da za ku tattauna, sannan ka tambayi wani abokin aikinsa a kansa. Ka kuma bincika ko yana da wata moriya a cikin maganar: ko yana sayar da maganin da yake yabawa, ko kamfani ne ke ɗaukar nauyin bincikensa, ko yana riƙe da muƙamin siyasa da zai sa ya rage ko ya ƙara. Samun moriya ba ya hana a ji ta bakinsa, amma wajibi ne mai sauraro ya san da ita.

Mataki na huɗu: ka karanta rahoton hukuma da kanka, ka fahimci abin da lambobin suke ƙirgawa

NCDC tana fitar da rahoton halin da ake ciki a shafinta na intanet, na wasu cututtuka kamar Lassa mako-mako, kuma a ciki za ka ga adadin kowace jiha. Kada ka dogara da abin da wata jarida ta tsakuro, ka sauko da rahoton ka karanta, ka lura da makon da ya ƙunsa. Ga abin da ya shafi duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke ayyana dokar ta-ɓaci, kamar yadda ta yi wa korona ranar 30 ga Janairun 2020 ta kuma janye ranar 5 ga Mayun 2023, sannan akwai hukumar daƙile cututtuka ta Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa, wadda ta ayyana ƙyandar biri a matsayin barazana ga nahiyar a watan Agustan 2024.

Abu na farko da za ka rarrabe shi ne waɗanda ake zargin sun kamu da waɗanda gwaji ya tabbatar. A rahoton Lassa waɗanda ake zargi sukan ninka waɗanda aka tabbatar sau da yawa, kuma wanda ya haɗa su wuri guda ya ce duk sun kamu ya tayar da hankalin jama'a a banza. Na biyu, ka bambanta sababbin kamuwa na wannan mako da jimillar tun farkon shekara. Na uku, duk lokacin da aka ba ka adadin waɗanda suka kamu, ka tambayi mutum nawa aka gwada, domin jihar da ba ta gwaji za ta fito a takarda kamar ba ta da cuta, jihar da ke ƙoƙarin gwaji kuma ta fito kamar ita ce matattara. Hawan adadi a rana ɗaya yana iya zama tarin samfuran da suka kwana biyu a ɗakin gwaji ne aka fitar da sakamakonsu tare.

Korona ta bar mana misali mai kyau a kan wannan. Jimillar waɗanda aka tabbatar sun kamu a Najeriya ta tsaya a kan kimanin 267,000, waɗanda suka rasu kuma 3,155. Amma binciken jini da NCDC da Cibiyar Binciken Lafiya ta NIMR da ke Yaba suka yi a ƙarshen 2020 ya nuna alamar kamuwa a jikin kashi 23 cikin 100 na waɗanda aka gwada a Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. Ma'ana, adadin da ake sanarwa kowane dare a wancan lokacin ɗan guntu ne na ainihin waɗanda cutar ta taɓa. Wannan bai sa lambobin hukuma sun zama ƙarya ba, sai dai suna ƙirga waɗanda suka kai ga gwaji ne kaɗai, kuma haƙƙin mai sauraro ne a faɗa masa haka a cikin rahoton.

Yana da kyau ka san hanyar da lambar take bi kafin ta iso Jabi. Asibiti ne ke sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi ya kai wa jiha, jiha ta kai wa NCDC. A Abuja ana da irin waɗannan jami'ai a ƙananan hukumomi shida, wato AMAC (ta cikin birnin Abuja) da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Duk inda saƙon ya tsaya a hanya, adadin zai zo a makare ko a rage, shi ya sa wani lokaci za ka ga lissafin jiha ya saɓa da na tarayya. Idan ka ga saɓani, ka kira ɓangarorin biyu ka nemi dalili, kada ka zaɓi wanda ya fi girma don kanun labari ya yi armashi. Idan kuma hukuma ta ƙi ba ka bayanin da ba sirri ba ne, kamar kuɗin da aka kashe ko adadin allurar da aka raba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar nema a rubuce, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa.

Mataki na biyar: ka yi hattara da sabon bincike

A lokacin annoba masana suna gaggawa, sai su ɗora sakamakon bincikensu a shafuka irin su medRxiv kafin sauran masana su tantance shi. Irin wannan takarda tana iya zama gaskiya, tana iya rushewa bayan mako biyu, don haka idan za ka ambace ta sai ka faɗa ƙarara cewa ba a tantance ta ba tukuna. Ko wadda ta fito a babbar mujalla ma ba a rufe ido a kanta: a watan Mayun 2020 mujallar The Lancet ta wallafa wani bincike a kan maganin hydroxychloroquine da ya girgiza duniya, sannan ta janye shi a farkon Yuni saboda an kasa tabbatar da bayanan da aka gina shi a kai. Shafin Retraction Watch yana bibiyar irin waɗannan takardu da aka janye.

Kafin ka rubuta cewa bincike ya gano wani abu, ka samu amsar waɗannan: a jikin mutane aka yi shi ko a jikin ɓeraye ko a cikin kwalbar gwaji, mutum nawa ne, an kwatanta su da wani rukuni da bai sha maganin ba, wa ya biya kuɗin aikin, kuma me masu binciken suka ce da bakinsu game da rauninsa, domin kusan kowace takarda tana da sashen da suke lissafa hakan kusa da ƙarshe. Daga nan ka tura takardar ga wani masani da ba ya cikin aikin ka ji ra'ayinsa. A ganina wannan kira guda ɗaya ya fi kowane mataki kare ɗan jarida daga yaɗa shirme.

Mataki na shida: yadda za ka yi hirar

Ka je da shiri, ka karanta rahoton ƙarshe kafin ka kira, domin masani yana buɗe baki ne ga wanda ya ga alamar ya yi aikin gida. Tambayoyi uku ba sa tsufa: me aka tabbatar zuwa yanzu, me ake zato amma ba a tabbatar ba, kuma me zai sa ku sauya wannan matsayi. Idan ya kawo lamba ka tambaye shi inda ya samo ta. Idan ya yi magana da kalmomin asibiti, ka maimaita masa da Hausa yadda ka fahimta, ka ce, "Likita, idan na faɗa wa masu sauraro haka, na faɗi daidai?" Ku kuma daidaita tun farko ko za a ambaci sunansa, domin ma'aikacin gwamnati da yawa ba shi da izinin magana da 'yan jarida, kuma rahotonka yana iya jawo masa takardar tuhuma.

Kada ka tsaya a kan mutum ɗaya. Kakakin hukuma yana faɗin matsayin hukuma ne, saboda haka ka haɗa shi da masanin jami'a da ba ya ƙarƙashinta. Amma neman ji daga ɓangarori ba yana nufin ka zaunar da masani da mai yaɗa jita-jita a matsayi ɗaya ba, kamar dai hujjojinsu nauyi ɗaya ne. Inda masana suka haɗu a kan magana, ka faɗa cewa sun haɗu. Inda suka rabu da gaske, ka nuna rabuwar da dalilinta.

Mataki na bakwai: ka bi jita-jita zuwa tushenta

A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, kuma aka samu rahoton mutuwar mutane da kwantar da wasu a asibiti saboda shan gishirin, a cutar da gaba ɗaya mutum 20 ta kama a ƙasar nan ta kashe 8. A watan Maris na 2020 kuma, bayan shugaban Amurka na lokacin ya yabi chloroquine, sai da jami'an lafiya a Legas suka sanar da samun waɗanda maganin ya yi wa illa. Saƙon murya na WhatsApp da ake cewa daga wani likita ne da ba a faɗi sunansa ba, ko hoton takarda mai tambarin hukuma, ba majiya ba ne har sai ka kira hukumar ta tabbatar. Hoto ko bidiyo kuma ka sa shi a manhajar binciken asalin hoto ta Google ko TinEye, domin sau da yawa tsoho ne daga wata ƙasa. Masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check wataƙila sun riga sun bincika, ka duba shafukansu kafin ka fara daga tushe.

Maganar maganin gargajiya tana buƙatar natsuwa, domin masu sauraronmu da yawa sun yarda da shi kuma raini ba ya sauya ra'ayin kowa. Hanyar da ta dace ita ce a tambayi shaida. Lokacin da Madagaska ta aiko da jiƙonta na korona a 2020, NIPRD ta gwada shi, ta ce tazargade ne mafi yawan abin da ke ciki, kuma ba ta samu shaidar yana warkar da cutar ba. Haka za ka yi da duk mai iƙirari: wa ya gwada, a ina, ina sakamakon. Ka kuma tuna cewa tsoron allura a Arewa yana da tarihi, daga gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 zuwa dakatar da rigakafin shan inna a 2003, don haka mai tambaya a kan lafiyar allura ya cancanci cikakkiyar amsa daga masani, da bayanin wanda ya gwada ta da hukumar da ta amince da ita. Idan za ka ƙaryata jita-jita, ka fara da gaskiyar magana a kanun labari, kada ka maimaita ƙaryar da manyan haruffa.

Mataki na takwas: ka saurari mutanen ƙasa, ka kuma kare su

Ba duk gaskiya ce take fara bayyana a takardar hukuma ba. A watan Afrilun 2020 masu haƙa kabari a Kano ne suka fara cewa gawawwakin da ake kawowa sun wuce ƙima, a daidai lokacin da ɗakin gwajin jihar ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. Daga baya, bayan binciken jin ta bakin iyalan mamatan, ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Ma'aikatan jinya, masu kemis, limamai, masu unguwanni da direbobin motar asibiti suna ganin abin da bai kai ga rahoto ba tukuna. Abin da suka faɗa maka shaida ce ta abin da ido ya gani, amma ba su ne za su faɗi sunan cutar ba. Ka ɗauki bayaninsu ka kai wa masanin yaɗuwar cututtuka da hukuma ka nemi fassararsa.

Majinyaci kuwa yana da haƙƙin sirri, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi hakan. Kada ka bayyana sunansa ko hotonsa ko unguwarsu ba da yardarsa ba, domin tsangwama tana sa masu alamun cuta su ɓuya a gida, abin da ke ƙara yaɗa ta. Kai ma ka bi ƙa'idar kariya da asibiti ya gindaya, kuma duk hirar da za ta yiwu ta waya, a yi ta ta waya.

Daga ƙarshe, ka sa kwanan wata a jikin kowace lamba da kowace shawara da ka ruwaito, ka ce "zuwa ranar kaza, a cewar hukuma kaza", domin shawarar masana tana sauyawa idan sabuwar shaida ta zo, kamar yadda ta sauya a kan takunkumin fuska a 2020. Ka ajiye kwafin rahotannin da ka yi amfani da su da muryoyin hirarrakinka a wuri guda. Idan bayani ya sauya, ka koma kan tsohon labarinka na intanet ka gyara tare da nuna abin da aka gyara da ranar gyaran, idan kuma a rediyo ne, ka faɗi sabon bayanin a cikin shirin da ka faɗi na farko kuma a irin lokacin, domin mutanen da suka ji na farkon su ne za su ji gyaran.